Kyandir na Uku

Trakai, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Kamila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Marekas da yara. Yaya sanyin Toronto? Yaya ƙafar Marekas, ya fara takawa ba sanda? Mu nan sai godiya, in ban da jikin Baba.

Na san za ki ce me ya hana in buga waya. Kin san halina. In na ɗauki waya sai in ce miki lafiya lau in ajiye, abin da nake son faɗa kuma ban faɗa ba. Mutumin da aikinsa raba wa jama'a wasiƙu gida-gida bai kamata ya ji nauyin rubuta tasa ba.

Likita ta zo ta duba shi. Ta ce zuciyar ce ta gaji, ba abin da za a yanka ko a ɗinke. Yana shan romon kaza da ɗan dankali. Kibinai ɗin nan, gasasshen fulawa mai nama a ciki, da yake cin uku a zama ɗaya, yanzu sai ya gutsuri gefe ya turo mini sauran. Ina rubuta abin da ya ci kullum a littafina, ƙarƙashin yanayin gari, ko da yake ban san wanda hakan zai amfana ba.

Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Kin tuna tsoho Zacharijas mai gyaran ragar kifi, na gida mai koren fenti? Ya rasu makon jiya. Tun da ku Karaimawa, ƙabilar Baba, addininku ya hana ku taɓa gawa, sai iyalinsa suka kira masu aikin jana'iza daga Vilnius. Na rubuta "ku", na daɗe ina kallon kalmar, na ga gara in bar ta yadda take.

Baba ya sa na jawo masa kujera bakin taga. Samari biyu suka zo da farar mota, rediyo na tashi a ciki. Ɗaya yana taunar cingam. Suka sa safar hannu ta roba tun a bakin titi, suka shiga, ba a jima ba suka fito. Ba su yi wani laifi da zan iya nunawa ba, Yaya, aikinsu suka yi. A daidai lokacin ma wasu baƙi 'yan yawon buɗe ido suna tsaye suna ƙirga tagogin gidanmu suna ɗaukar hoto, ba su san abin da ake ciki ba.

Na kawo wa Baba shayi. Ya ce, "Vidas, ka ga yadda suka juya shi a ƙofa? Kamar buhun dankali."

Na ce, "Baba, sha shayinka kafin ya huce."

Ya ce, "Kai, dube ni nan. Kada ka bar ni a hannun masu safar roba. Wanda zai wanke ni, ya zama ya san sunana tun ina tafiya da ƙafata."

Na ce masa wace irin magana ce wannan da rana tsaka. Ya ce in ina jiran lokacin da ya dace da ita, to zan yi ta da bango. Bai sake ni ba sai da na ce na yi alkawari.

Tun ranar nake tuna rasuwar Kaka. Ina ƙarami, ke kuma kin fara zama budurwa. Aka jera kyandirori a gefen akwatin, ɗaya don kowane mai makoki na jininta. Na bi su da yatsa ina kiran sunaye, na Baba, na Goggo Zuzana, naki, na ga sun ƙare ban zo kaina ba. Na tambayi Goggo ina nawa. Ta ce, "Kai ɗan Aldona ne, je wajen uwarka." Kuka zauna a kan baƙin bargon makoki, ni da Mama muka tsaya a zaure cikin rigunan sanyin baƙi. Ke kika fito kika sa mini alewa a aljihu. Ban san ko kin tuna ba. Ban taɓa riƙe ki a zuciya ba don mahaifiyarki Bakaraimiya ce tawa kuma 'yar Katolika. Ba ke kika tsara ba.

Na ce bari in nemi tsoho Česlovas, wanda yake yi wa titinmu wannan aiki a da. Ban san ko yana iyawa har yanzu ba. Gidansa yana kan hanyar rabona, wajen gada.

Ki gaishe mini da Marekas da yara. Kada ki sa damuwa a ranki game da zuwa, na san in kika fito kafin takardunki su kammala ba za su bar ki ki koma ba. Baba ma ya sani.

Ƙanenki,
Vidmantas


Trakai, 4 ga Nuwamba

Yaya Kamila,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyar gida baki ɗaya. Hoton yaran ya iso. Baba ya riƙe shi a juye na ɗan lokaci, sannan ya ce babbar ta ɗauko hancin Goggo, Allah ya ba ta haƙuri.

Shekaranjiya ranar tuna matattu ce, na je na kunna wa Mama kyandir a maƙabartar Katolika. Tudun gaba ɗaya ya haskaka. Daga nan in ka tsaya kana hango itatuwan maƙabartarku, duhu, ba ko ƙyalli. Na tsaya ina tunanin a can Baba zai kwanta, ita kuma a nan, ni kuwa ina kai-komo da keke a tsakaninsu.

Na sami Česlovas. Ya tsufa ƙwarai, Yaya. Hannunsa yana rawa, har cokali sai ya riƙe da biyu. Na tarar da abokinsa Bekiras, Batataren nan Musulmi da ke sayar da zuma a kasuwa a da, yanzu idonsa ɗaya ya rufe, ɗayan ma sai a hankali. Ashe tare suke aikin shekara da shekaru, ban sani ba. Ni da nake shiga kowane gida a garin nan, na ɗauka na san shi.

Na faɗa musu abin da ya kawo ni. Česlovas ya ɗaga hannuwansa ya nuna mini. Ya ce, "Da waɗannan? Sai dai in kaɗa ubanka kamar madara."

Bekiras ya ce, "Ba tsufa ba ne, giya ce. Tun muna samari nake gaya wa tulun nan."

"Rufe mana baki, ɓarawon doki. Kai da ba ka iya bambance gawa da katifa yanzu."

Suka yi ta yi, ni ina zaune da jakar wasiƙu a cinya. Da suka gaji, Česlovas ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce kafin yaƙin duniya Yahudawan titin baya ne suke wanke wa Karaimawa gawa. Sai wata shekara da kaka aka tattara su aka kai su dajin hayin tafki, ba wanda ya dawo. Da Bakaraime na farko ya rasu bayan haka, ya kwana ya wuni a gado, danginsa na zagaye da shi, ba mai iya miƙa hannu. Mahaifin Česlovas ya ji kukan matan ta katanga, ya naɗe hannun riga ya shiga. Daga nan aikin ya zama na gidansu. Kowace damina Karaimawa sukan ajiye musu kwandon kokwamba a bakin ƙofa, ba a cewa komai. Bekiras kuma ya shigo ne don ya saba wankan gawa a wajen mutanensa Musulmi, ya ga Česlovas, Bapolen nan, yana yi kamar mai wanke tukunya, ya ce ba zai iya kallo ba. Česlovas ya ce ƙarya ne, kokwamba ce ta kawo shi.

Na tambaye su wa zan nema ke nan. Sai Bekiras ya juyo da lafiyayyen idonsa ya ce, "Kai fa? Ba ɗan Aldona ba ne? Ai ba ka cikinsu. Kai kaɗai ne a jininsa da ke da hannu."

Wallahi, Yaya, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Abin da ya tsayar da ni a zaure tun ina yaro, shi ne zai shigar da ni ɗakin da ba wanda zai shiga. Ban san ko murna na yi ba ko baƙin ciki. A littafina na rubuta "an yi iska da yamma" kawai.

Na koma washegari suka koya mini. Aka share teburin kicin, Bekiras ya cire takalmi ya hau ya miƙe. Česlovas yana zaune yana ba da umarni da sandarsa. Na zo juya Bekiras, ya ce, "A hankali, kai! Gawar nan tana da ciwon baya."

Česlovas ya ce, "Gawa ba ta magana."

"Tamu tana yi, in ta ga Bapole a kusa."

Na yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka ƙi tsayawa, su kuma suka yi kamar ba su gani ba. Ga abin da suka koya mini: ruwa ya zama mai ɗumi, ba don zai ji ba, sai don mai wankin kada ya manta mutum ne a gabansa. A fara da dama. Kada a yaye masa mayafi gaba ɗaya. Kafin ka taɓa kowace gaɓa, ka kira sunansa ka gaya masa abin da za ka yi. Sun ce ba a littafin kowa suka samo wannan ba, tsakaninsu suka haɗa.

Na gaya wa Baba. Ya dubi hannuwana, ya ce in ƙara itace a murhu. Ina ganin ya yarda. Ko kuwa ni ne nake son in ga haka?

Ki kula da kanki. Ki rubuto in kin sami sarari.

Naki,
Vidas


Trakai, 21 ga Nuwamba

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, kuma raina ba a kwance yake ba.

Goggo Zuzana ta zo ranar Lahadi. Kin san tun da Mama ta shigo gidan nan ba ta taɓa cin abin da aka dafa a tukunyarmu ba. To, ta zauna a kicin, ta ce in zuba mata shayi. Na zuba. Ta sha. Ta ce ya yi tsararo, amma ta shanye.

Sai ta kira ni da cikakken sunana, ba ɗan Aldona ba. Ta ce, "Vidmantas, mun ƙare. Ranar Asabar a kenesa, ɗakin ibadarmu, in ka yi tari kowa ya san kai ne. Na yi magana da dattawa. In wana ya tafi aka kunna kyandir biyu, nawa da na wadda ke hayin teku, za a ce Ananijas ya mutu ba kowa a gabansa sai tsohuwa. Uku za a kunna. Za ka zauna a kan bargo kusa da ni."

Ta buɗe jakarta ta nuna mini su a naɗe cikin takarda. Ta riga ta saya.

Yaya, shekarata arba'in da 'yan kai. Na ɗauka na daɗe da daina jiran wannan magana. Na ce mata zan ɗebo itace, na shiga rumfar baya na zauna a kan kututture na yi kuka kamar wanda aka doka. Sai da na ɗauki gatari na fara faskare sannan abin ya faɗo mini. Na koma da gudu na ce, "Goggo, wankan fa? Na yi wa Baba alkawari."

Ta ce, "Wanda aka kunna wa kyandir namu ne. Namu ba ya taɓawa. Ba a haɗa biyu."

Na ce to wa zai yi? Ta ce waɗanda suka yi wa Zacharijas, ai bai dawo ya yi ƙorafi ba. Ta ce da kyar ta shawo kan dattawan, kada in kunyata ta. Na san ba ƙaramin abu ta yi ba. Mace mai taurin kai irin Goggo ta je ta roƙi alfarma don ɗan Aldona.

Tun daga ranar nake bin gari da jakata ina neman wani hannun. Jikan Česlovas ya ce ko mataccen kifi ba ya son taɓawa. Ɗan Bekiras yana Ireland yana aikin gini. Na shiga cocin Rashawa, akwai wata tsohuwa da ke yi wa nasu, ta ce mata kawai take wankewa, kuma Baba ta san shi ne daga nesa. Na tambayi mai kaɗa ƙararrawar cocin Katolika, ya ce bayansa ba zai bari ba. Garin nan da baƙi ke zuwa su ji labarin yadda kowace ƙabila ta zauna da 'yar'uwarta, na zagaye shi kaf ban sami mutum ɗaya mai ƙarfi da ya san sunan Baba kuma zai iya ɗaga shi ba. Masu ƙarfin sun tafi, waɗanda suka san shi sun tsufa.

Na so in tambayi Baba da kansa ko zai sake ni daga alkawarin. Na zauna bakin gadonsa na fara, sai na ga ba ya tare da ni. Yanzu yakan yi barci mafi yawan rana, in ya farka yana magana da yarenku, wanda ban iya ba sai 'yan kalmomin abinci. Kuma in faɗa miki gaskiya, ko da yana ji, ina tsoron amsar. In ya ce in ɗauki kyandir, zan ce tausayina ya ji. In ya ce in riƙe alkawari, zan ce ashe shi ma bai taɓa ƙirga ni ba.

Ke kin san su, kin san ni. Me zan yi? Ki amsa da wuri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Vidas


Trakai, 14 ga Disamba

Yaya Kamila,

Ina miki gaisuwar da ba ni da kalmominta. Allah ya ba mu haƙurin rashin Baba. Da na buga miki waya ranar, na ji kukanki, na kasa faɗin komai bayan "ya tafi". Ga sauran.

Wasiƙarki ta iso yana da rai. Na karanta ta sau da yawa. Kika ce in karɓi kyandir, wai mamaci ba ya jin roba amma mai rai yana jin zaure har ya mutu. Kika ce kin tuna alewar. Na gode, Yaya. Na yanke shawara zan bi maganarki, har na karɓi lambar mutanen Vilnius daga iyalin Zacharijas na ajiye a kan taga. Ina so ki san wannan, kada ki ɗauka na raina shawararki.

Ana gobe zai rasu na yi masa aski. Ina goge masa kumfa a haɓa sai ya kama hannuna ya manna a kumatunsa. Ya yi magana da yaren Mama, sarai, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, "Hannun Aldona. Ba ya sanyi ko a hunturu." Bai ƙara ba. Ban san ko ni yake gani ko ita ba.

Da safe ya cika, ina tsaye da kofin ruwan ɗumi. Dusar ƙanƙarar farko ta shekara tana sauka. Na aika maƙwabciya ta kira Goggo. Ta zo ba ko ɗankwali, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta dafa katako da hannu biyu. Idonsa a buɗe suke, Yaya, suna kallon rufi, bakinsa ma ya ɗan buɗe. Goggo ta kira sunansa, ta miƙa hannu ta janye. Wanta ne da ya goya ta, taku kaɗan ne tsakaninsu, ba ta iya ƙarasawa. Ta ce in je in buga waya, za su iso kafin rana ta yi tsaka.

Na dubi taga inda lambar take. Na dubi fuskarsa. Na yi tunanin zai kwanta haka yana kallon rufi har farar motar ta iso. Ban yanke wata shawara ba, ba zan yi miki ƙarya in ce na yi wani dogon tunani ba. Na ajiye kofin na rufe masa ido.

Goggo ta ce, "Ka san abin da ka yi?"

Na ce, "Na sani, Goggo."

Ta juya ta koma kicin. Ban ji ta yi kuka ba, sai ƙarar kujera.

Tsofaffin biyu suka zo riƙe da juna, mai ido yana jan mai ƙafa, ko mai ƙafa yana jan mai ido, ban gane ba. Suka zauna a kan kujeru biyu jikin bango. Ba wanda ya zolayi wani. Na ɗumama ruwa na gwada da gwiwar hannu. Ya rame ƙwarai, na ɗaga shi ni kaɗai ba wuya. Na ga tabon ƙugiya a cinyarsa, wanda yake ba mu labari muna yara muna cewa ƙari yake yi.

Bekiras ya ce, "Kira sunansa, ka gaya masa."

Na buɗe baki in ce Ananijas, ya ƙi fita. Sai na ce, "Baba, zan wanke maka hannun dama." Haka na yi ta yi har ƙafa. Baba zan juya ka. Baba ruwan bai yi zafi ba. Baba saura kaɗan. Da na gama na lulluɓe shi da farin yadin da Goggo ta ajiye a bakin ƙofa, na waiwaya na ga Česlovas yana share fuska da hularsa. Ya ce tun zamanin ubansa ake wanka a titin nan, yau ne karo na farko da gawa ta ji an kira ta Baba.

Kyandir biyu aka kunna, naki da na Goggo. Na tsaya a zaure inda na tsaya a rasuwar Kaka, ƙusar rataye riguna tana nan inda take. Ina jin limamin kenesa yana addu'a ta ƙofa. Ni da maƙwabta muka ɗauki akwatin zuwa maƙabarta. Da aka dawo, Goggo ta zauna ita kaɗai a kan baƙin bargon, ta bar wuri a gefenta, ban san ko naki ba ne ko mantuwa ta yi. Ni na ci abinci a kicin da tsofaffin. Bekiras ya tura mini kwalbar zuma ya ce in sa a shayi, wai muryata ta dishe.

Goggo ba ta yi mini magana ba tun ranar. Wani dattijo ya riƙe mini kafaɗa a titi ya wuce, wani kuma ya kau da kai. Ba za a sake yi mini tayin ba, na sani. Ba sauran wanda zai mutu a gidan nan da za a kunna mini kyandir dominsa.

Wani lokaci ina ganin na yi daidai. Wani lokaci ina ganin na bar tsohuwa ita kaɗai a kan bargo don in cika maganar wanda ba ya ji. Ki yafe mini in na ɓata miki rai.

Naki cikin baƙin ciki,
Vidmantas


Trakai, 19 ga Afrilu

Yayata Kamila,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗin jin Marekas ya ajiye sanda. Nan ƙanƙarar tafki ta narke, an fara fito da kwale-kwale ana fenti, baƙi sun fara dawowa da na'urorin hotonsu. Česlovas yana kwance tun Fabrairu. Bekiras yana zuwa kullum ya zauna ya zage shi, ya ce in ya daina zai mutu.

Na je kabarin Baba ranar Lahadi don in gyara ƙasar da ta zauna. Na tarar da Goggo a can. Na so in juya, ta riga ta gan ni. Ta tsufa a hunturun nan, rigar sanyinta ta yi mata yawa.

Ta ciro hankici ta naɗe hannunta ta taɓa kabarin, yadda kuke yi. Ni na durƙusa na sa tafin hannuna a kan ƙasar haka nan. Tana da sanyi da danshi. Na jira ta yi faɗa, ba ta yi ba.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya yi nauyi?"

Na ce a'a, Goggo, bai yi ba.

"Ka taje masa gashi? Ba ya son a kwantar masa da shi gefe."

Na ce baya na taje masa, yadda yake yi.

Ta gyaɗa kai. Sai ta miƙo hannu ta kama nawa, wanda ke da ƙasa, hankicin na naɗe a nata. Ta riƙe shi sosai, ta daɗe, tana kallonsa. Na ji ƙasusuwan yatsunta ta cikin ƙyallen. Ban san ko ni ta riƙe ba ko wurin da ya taɓa wanta na ƙarshe. Na yi ta juya abin a raina har yau ban gane ba, kuma ba zan tambaye ta ba.

Da za ta tafi ta buɗe jaka ta ba ni wani abu a naɗe cikin takarda. Ta ce, "Na saya, ba a mayarwa." Ta wuce tana dogara sanda, ta ƙi in raka ta.

Yana kan tagar ɗakin Baba yanzu, lagwaninsa fari. Na ɗauki ashana sau biyu na mayar. In kin samu takardunki kika zo, ki kwana a ɗakin, na gyara shi. Za ki gan shi a wurin.

Ki sumbaci yaran a madadina.

Ƙanenki, ɗan Ananijas da Aldona,
Vidmantas